Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya ɗora wutar lantarki a kan ma'auni

Allon sola da ake gani a kan rufin shagon cajin waya ko a gefen rijiyar burtsatse, daga Ɗanzomo zuwa Gumel har Maigatari, yana zagaye da firam na alminiyum, ƙarfen nan marar nauyi da wasu ke kira goran ruwa. Zafin bazara ya gasa shi, ƙurar hunturu ta goge shi, ruwan damina ya wanke shi, amma shekaru su shuɗe bai cinye ba. Abin da ke kare shi wata siririyar garkuwa ce da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wadda wutar lantarki ta tsiro da ita daga jikin ƙarfen kansa. Sunan da masana'antu suka ba wannan aiki ya samo asali daga kalmar anod. Ita wannan kalma, da ƙa'idar da ake lissafin kaurin garkuwar da ita, sun fito ne daga ɗakin gwaji guda a birnin Landan tsakanin 1833 da 1834, daga hannun mutumin da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Kafin Michael Faraday, lantarki abin al'ajabi ne da ake nuna wa masu hannu da shuni a zauren lacca. Bayansa ya zama abin da ake aunawa, a ƙididdige, a sarrafa, a kuma tuhumi wanda ya yi ƙarya a kansa.

Daga maƙera zuwa shagon littattafai

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts da ke kudancin Landan ta yau. Mahaifinsa, James Faraday, maƙeri ne da ya baro arewacin Ingila neman abinci, kuma yawan rashin lafiya ya riƙa raba shi da masaba da zuga-zugi. Michael ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Iyalin mabiya wata ƙaramar ɗarikar Kirista ce da ake kira Sandemaniyawa, wadda ke hana mabiyanta tara dukiya da neman girman duniya. Karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaron mai shekara 13 ya kama aikin aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinke su. Shekara guda bayan haka ya zama ɗan koyo a shagon, bisa yarjejeniyar shekara bakwai. Maigidan bai hana shi karanta littattafan da ake kawowa a yi musu bango ba. Ta haka ya ci karo da bayanin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, da littafin koyar da ilmin sinadarai na Jane Marcet. Daga 1810, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya fara halartar laccocin dare na John Tatum, kuma yayansa Robert, wanda ya gaji maƙera, shi ke biya masa sulen shiga.

A 1812 ya haɗa batirinsa na farko da kwabbai bakwai na jan ƙarfe, da faifai bakwai na tutiya, da guntayen takarda shida da ya jiƙa da ruwan gishiri. Ya tura wutar cikin ruwan wani gishirin magani, ya ga sinadarin ya rabu. Tambayar da wannan gwaji ya haifar masa, wato nawa ne na wuta ke raba nawa na sinadari, ita ce ya amsa bayan shekara ashirin da ɗoriya.

Bara a tafiyar maigida

A wannan shekara wani abokin cinikin shagon, William Dance, ya ba shi tikitin laccocin Humphry Davy a cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Davy shi ne tauraron ilmin sinadarai a Birtaniya, wanda ya yi amfani da wutar batir ya ware sinadaran fotasiyum da sodiyum a 1807. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya zana hotunan kayan gwajin, ya ɗinke shafukan a bango mai kyau, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Da aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaji saboda faɗa, aka ɗauke shi a gurbinsa a watan Maris na 1813.

Daga Oktoban 1813 zuwa Afrilun 1815 ya bi Davy yawon Turai. Baran maigidan ya ƙi tafiyar, aka ɗora wa Faraday hidimarsa a kan aikin kimiyya. Matar Davy ba ta taɓa kallonsa a matsayin abokin aikin mijinta ba: yakan zauna a wajen keken doki, ya ci abinci tare da barori. A wannan tafiya ce kuma ya ga André-Marie Ampère a Paris, ya ga Alessandro Volta, wanda ya ƙirƙiro batir, a Milan. Sunayen waɗannan mutane biyu su ne amfiya da bolt da kowane mai gyaran wuta ke ambata a yau.

Tsarin aji na Ingila bai sake shi da wuri ba. A Satumbar 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa zagaya maganaɗisu ba tsayawa, wanda shi ne kakan duk wata mota mai juya fanka ko famfon ruwa. Maimakon yabo, aka yaɗa cewa ya ɗauki tunanin William Wollaston bai ambace shi ba. Da aka gabatar da sunansa don zama ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society, Davy, wanda ke shugabancinta, ya yi adawa. An zaɓe shi duk da haka a 1824, shekarar da Hugh Clapperton ya isa Kano da Sakkwato. Ya riga ya mayar da iskar kulorin ruwa a 1823, ya kuma gano sinadarin benzin a 1825. Davy ya rasu a 1829.

Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗe wayoyi biyu a ɓangarori biyu na zoben ƙarfe, ya ga cewa kunna wuta ko kashe ta a waya ta farko na haifar da wuta a ta biyu ba tare da sun taɓa juna ba. Wannan zobe shi ne asalin taransifoma. Cikin watanni biyu ya nuna cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya na samar da lantarki, kuma a kan wannan ne injinan madatsar Kainji da ƙaramin janaretan mai shago suke aiki.

Ƙa'idoji biyu da kalmomi sababbi

Aikin da ya biyo baya bai yi suna kamar zoben ba, amma shi ne ya ba lantarki ma'auni. Faraday ya ƙera wata kwalba da ake tura wuta ta cikin ruwan da ke cikinta, ruwan ya rabu ya ba da iska, a tara iskar a bututu mai alamomin awo. Ya canza girman batir, ya canza faɗin ƙarafan da ke nutse a ruwan, ya canza ƙarfin ruwan asid. Kowane lokaci sakamakon ɗaya ne: yawan iskar da ta taru na bin jimillar wutar da ta wuce ne kawai.

Manomin rani zai fi kowa saurin gane bambancin. Bolt kamar matsin ruwa ne a bakin famfo. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke wucewa ta tiyo a kowace daƙiƙa. Abin da ya jiƙa gona kuwa shi ne yawan ruwan da ke wucewa a ninka da tsawon lokacin da famfon ya yi yana aiki. Ƙa'idar Faraday ta farko ita ce nauyin sinadarin da ya rabu, ko ƙarfen da ya manne a wani ƙarfe, daidai yake da amfiya a ninka da lokaci. Ta biyu ita ce kowane sinadari yana da nasa rabon daga wutar da ta zo ɗaya. Amfiya ɗaya a cikin awa ɗaya na ajiye kusan giram 4 na azurfa, ko giram 1.19 na jan ƙarfe, amma sulusin giram kawai na alminiyum.

Sabon ilmi yana buƙatar sababbin kalmomi. Faraday bai ji Girkanci ba, don haka ya riƙa musayar wasiƙu da William Whewell na jami'ar Cambridge a 1834. Suka tsayar da anod, wato hanyar hawa, don ƙarfen da wuta ke shiga ruwa ta cikinsa, da katod, hanyar sauka, don wanda take fita ta cikinsa, da ayon don ƙwayoyin da ke tafiya tsakaninsu. A 1836 ya ƙara wani mataki: ya bayyana cewa ƙarfen da ya daina narkewa a cikin asid mai ƙarfi ya daina ne saboda wata fata siririya da iskar oksijin ta haɗu da shi ta yi masa. Alminiyum a lokacin abu ne da ba a samu sai a ɗakin gwaji. Sai a 1923 Guy Bengough da John Stuart suka yi rajistar hanyar gina irin wannan fata da gangan, don kare sassan jiragen sama masu sauka a teku daga gishiri. Hanyar amfani da asid irin na ruwan batir, wadda ta fi yaɗuwa yanzu, ta biyo baya a 1927.

Yadda ƙa'idar ke aiki a cikin bokiti

Aikin bai fi ƙarfin ƙaramin shago ba, kuma masu sha'awa na yin sa a gidajensu a ƙasashe da dama. Ana wanke ƙarfen alminiyum tas daga maiƙo, a rataye shi da wayar alminiyum a cikin bokitin roba mai ruwan asid da aka tsarma, a haɗa shi da ɓangaren batir mai alamar tarawa domin ya zama anod. Farantin dalma ko na alminiyum ya zama katod. Idan wuta ta gudana, oksijin ya haɗu da fuskar ƙarfen ya gina fata mai tauri, cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ramukan nan ne ke shan launi, kamar yadda zare ke shan baba a marinar Ƙofar Mata. Daga nan a dafa ƙarfen a tafasasshen ruwa, ramukan su toshe, launin ya zauna.

Wurin da gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne sarrafa amfiya. Fatar da ke tsirowa ba ta barin wuta ta wuce cikin sauƙi, saboda haka duk kaurin da ta ƙara, turjiyarta na ƙaruwa. Wanda ya tsayar da bolt wuri ɗaya, misali ya jona batirin mota kai tsaye, amfiyarsa za ta riƙa sauka bai sani ba, ba zai kuma iya faɗin kaurin abin da ya gina ba. Shi ya sa ake amfani da na'urar da ke riƙe amfiya daram, ta bar bolt ya riƙa hawa da kansa, yawanci zuwa tsakanin 15 da 20. Lissafin kuwa na Faraday ne. Ana auna faɗin fuskar ƙarfen ciki da waje, a ba kowane murabba'i mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi kimanin amfiya 1.3. Awa ɗaya a haka na ba da fata mai kaurin maikuron 25 ko kusa da haka, kuma maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rabin lokacin, rabin kaurin.

Gaggawa ba ta biya a nan. Amfiya ta yi yawa, ƙarfen ya ƙone a gefuna. Ruwan ya ɗumama ya wuce digiri 20 zuwa 22, asid ya riƙa cin fatar kusan da saurin da take tsirowa, ta fito da laushi kamar alli. A yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kamar masarautar Gumel, sanyaya ruwan da ƙanƙara sharaɗi ne. Katod na fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, don haka ba a yin aikin a rufaffen ɗaki, kuma asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Ƙa'idar ta wuce bokiti. Mitar farko da Thomas Edison ya sa wa masu sayen wutarsa a New York daga 1882 kwalba ce mai farantan tutiya biyu, ana auna nauyinsu a ƙarshen wata a san wutar da gida ya sha. Ke nan tun fiye da shekara 140 aka san yadda za a caji mutum daidai abin da ya yi amfani da shi, amma miliyoyin masu amfani da wuta a Najeriya har yanzu takardar ƙiyasi ake kai musu. Sulusin giram ɗin nan na alminiyum kuma shi ne dalilin da ya sa narka kilo ɗaya ta hanyar da Charles Hall da Paul Héroult suka gano a 1886 ke cin kilowat-awa 13 zuwa 15. Kamfanin ALSCON na Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom, wanda aka gina don samar da tan 193,000 a shekara, ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999, aka miƙa shi ga kamfanin Rusal na Rasha a 2007, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa kamfanin BFI na Amurka ne ya ci cinikin. Injinan sun sake yin shiru, shari'a ta ci gaba.

Rahoton da aka jingine

Bayan rashin lafiya mai tsanani da ta kama shi a 1839, wadda ta raunana ƙarfin tunawarsa, gwamnati ta kira Faraday wani aiki na daban. Ranar 28 ga Satumba, 1844, ramin haƙar kwal na Haswell a gundumar Durham ya fashe, mutum 95 suka mutu, har da yara. Makonni kaɗan kafin nan mahaƙan yankin suka koma aiki bayan dogon yajin da suka sha kaye a cikinsa. Lauyan ƙungiyarsu, William Prowting Roberts, ya matsa wa gwamnatin Robert Peel lamba ta turo masana masu zaman kansu. Aka tura Faraday, wanda ya taimaki Davy wajen ƙera fitilar kariya ta mahaƙa a 1815, tare da masanin duwatsu Charles Lyell.

Sun halarci zaman binciken, sun yi wa shaidu tambayoyi, sun sauka cikin ramin da kansu. Masu yanke hukunci suka ce haɗari ne kawai, suka wanke masu ramin, kuma masanan biyu ba su ƙalubalanci hukuncin ba. Sai dai rahoton da suka rubuta daga baya ya ƙunshi abin da ba a so a ji. Sun nuna cewa ƙurar kwal da ke kwance a hanyoyin ramin ta kama wuta ta ƙara wa fashewar ƙarfi. Sun ba da shawarar a janye iska mai kama wuta daga tsofaffin kogunan da aka gama haƙa, a kuma ilmantar da mahaƙa. Masu ramukan suka ce kuɗin ya yi yawa. Gwamnati ta samu abin da take nema, wato sunayen manyan masana a kan binciken, ta bar shawarwarin a takarda. A 1913 fashewar ramin Senghenydd a Wales, wadda ƙurar kwal ta rura, ta kashe mahaƙa 439.

Bai daina auna abin da wasu ke so a bari a duhu ba. A 1853, da aka yi yayin zaman kiran ruhohi a Landan ana cewa tebur na juyawa da kansa, ya sa wani ɗan ma'auni a ƙarƙashin tafukan masu zaman, ya nuna cewa hannuwansu ne ke tura teburin ba tare da sun lura ba. A Yulin 1855 ya bi kogin Thames a jirgin ruwa yana jefa fararen guntayen kati, suna ɓacewa daga gani kafin su nutse da inci ɗaya saboda ƙazanta. Ya rubuta wa jaridar The Times gargaɗi. Hukuma ba ta motsa da gaske ba sai a bazarar 1858, lokacin da warin kogin ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin ruwa.

Abin da ya ƙi karɓa

Faraday bai taɓa yin rajistar mallakar ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya gano ba. Bayan 1831 ya rage aikin ba kamfanoni shawara, wanda ke kawo masa kuɗi masu yawa, domin ya samu lokacin bincike. A 1835 Firayim Minista Lord Melbourne ya yi wa tsarin fanshon masana ba'a a gabansa. Faraday ya ƙi karɓar fanshon har sai da Melbourne ya ba shi haƙuri a rubuce. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin Royal Society, sau biyu ya ƙi. Abin da bai ƙi ba shi ne koyarwa: ya gabatar da jerin laccocin Kirsimeti na yara har sau 19, kuma ana ci gaba da yin su har yau. Ya yi shekara kusan 30 yana ba hukumar fitilun gaɓar teku shawara. Tunaninsa kan layukan ƙarfin maganaɗisu, wanda masana lissafi suka fara rainawa saboda babu lissafi a ciki, shi ne James Clerk Maxwell ya mayar lissafin da rediyo da wayar salula suka tsaya a kai.

Ya auri Sarah Barnard a 1821, ba su haihu ba. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court, inda ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Highgate, a sashen waɗanda ba mabiya cocin gwamnati ba. Ma'aunin farad na ɗauke da sunansa, haka ma adadin 96,485 da ɗaliban sinadarai ke haddacewa, kuma hotonsa ya hau takardar fam 20 ta Ingila daga 1991 zuwa 2001.

Ingila ba ta shirya wa ɗan maƙeri hanya ba. Abin da ya shigar da shi ɗakin gwaji shi ne maigidan da ya bar shi ya karanta, da yayan da ya biya sule, da baƙon da ya ba shi tikiti, da faɗan da ya buɗe gurbi. Da ɗaya daga cikin huɗun bai faru ba, da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin littattafan wasu. Yaran da ke koyon walda da naɗin koyil da gyaran batir a garuruwan arewacin Jigawa na aiki da ƙa'idojinsa kowace rana, kuma samun ɗakin gwaji ga mafi yawansu har yanzu ya rataya ne a kan irin wannan sa'a.